Tilas ce ta sa na karanta littafi har ƙarshe, yanzu kuma ƙarshen ne ya ɓata mini rai

Ɗan_Bencin_Baya:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ni ɗalibi ne, shekarata 16, kuma tun da nake ban taɓa karanta littafin labari daga bango zuwa bango ba sai a wannan zangon. Ba rashin iya karatu ba ne. Da na yi shafi biyu sai hankalina ya tafi wani wuri ya bar ni riƙe da takarda. In an ba mu littafi a aji, abin da na saba shi ne in nemi taƙaitaccen bayaninsa a intanet, in haddace sunayen mutanen ciki, in shiga jarrabawa.

Wannan karon malamar Ingilishi ta kawo mana Hatchet na Gary Paulsen, ma'anar sunan ɗan ƙaramin gatari. Ta ce babi uku a mako, kuma kullum za a ta da mutum ɗaya ya karanta wani sashe da ƙarfi, don haka babu hanyar zillewa. Labarin wani yaro ne mai shekara 13, Brian, da ya hau ƙaramin jirgin sama shi kaɗai da matuƙi zai je wurin mahaifinsa a Kanada. Suna sama zuciyar matuƙin ta buga ya mutu, jirgin ya faɗa cikin tafki a tsakiyar daji, yaron ya fito ba shi da komai sai gatarin da mahaifiyarsa ta ba shi, yana rataye a ɗamararsa.

Makon farko da na biyu haushi kawai nake ji. Marubucin yana maimaita kalma ɗaya sau uku sau huɗu, yaron kuma kuka da amai da cizon sauro. Sai muka zo daren da beguwa ta shiga inda yake kwance, ya jefe ta da gatarin cikin duhu, gatarin ya daki dutse ya yi tartsatsi. Da gari ya waye ya tuna da tartsatsin nan ya shiga neman wuta. Ya gwada busasshiyar ciyawa ta ƙi, har takardar kuɗi ta dala 20 ya yayyaga ita ma ta ƙi. A nan aka buga ƙararrawa. Wallahi ban iya jira ba. Na koma gida na buɗe, ban rufe ba sai wajen ƙarfe biyu na dare. Kwana uku na gama babi 19 ɗin duka, 'yan ajinmu suna babi na goma.

Abin da ya kawo ni shi ne ƙarshen. Bayan duk wannan wahala, yaro ya koyi kamun kifi, ya sassaƙa baka, ya san dajin, sai kawai ya ciro jakar agaji daga jirgin, ya danna wata na'ura mai aika saƙon neman ceto bai ma san tana aiki ba, wani jirgi ya sauko ya ɗauke shi. Kwana 54. Ji na yi kamar an ƙwace masa abin da ya yi gumi a kai. An ce mu rubuta ra'ayinmu shafi biyu. In na rubuta cewa ƙarshen bai yi ba, ba za a rage mini maki ba? Sannan wani abu yana damuna: da ba a tilasta mini ba da ban taɓa buɗe shi ba, amma har yanzu ina jin haushin tilas ɗin. Ban san wanne ne daidai ba.

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Ma sha Allah ɗana, ƙarfe biyu na dare a kan littafi! Allah ya ƙara basira. Ni dai nawa ɗan har yau ban ga wannan ranar ba.

Malama_Rabi:
Ɗana, rubuta abin da ka faɗa mana nan, kusan yadda ka faɗe shi. Shekarata 14 ina koyar da adabi, kuma takardar da ta fi faranta mini rai ita ce wadda yaro ya yi jayayya da littafi ya kawo hujja daga cikinsa. Abin da ke jawo rage maki shi ne a ce "bai yi daɗi ba" a yi shiru. Kai kuwa kana da dalili: marubucin ya kwashe babi da babi yana nuna mana yaro yana koyon tsayawa da ƙafarsa, sannan ya kawo ceto daga waje. Nuna inda ya gina abin, nuna inda kake ganin ya rushe shi, ka sa lambar babi.

Kuma ba kai kaɗai ba ne. Masu karatu da yawa sun rubuta wa Paulsen wasiƙu suna ƙorafin an ceci yaron tun kafin sanyin hunturu ya zo, wanda shi ne babbar jarrabawar wannan dajin. Ƙorafin ne ya sa a 1996 ya fitar da wani littafin, Brian's Winter, inda ya ɗauka cewa jirgin ceton bai zo ba, yaron ya shiga lokacin ƙanƙara shi kaɗai.

Sarkin_Gardama:
Malama a yi mini afuwa, ni ban yarda da ƙanena ba. Wace ƙwace? Ka koma ka sake karanta babi huɗu na ƙarshe. Jakar nan ba a gindin bishiya ya tsince ta ba. Guguwa ce ta rusa masa bukka ta watsar da duk abin da ya tara, ita ce kuma ta ɗago wutsiyar jirgin sama da ruwa. Sai da ya haɗa gumagumai ya yi abin hawa, ya tura shi har tsakiyar tafki, ya dinga saran jikin jirgin. Gatarin ya suɓuce ya nutse, ya bi shi har ƙasan ruwa. Ya shiga cikin jirgin ya ga abin da kifaye suka bari na gawar matuƙin. Yaron da ya faɗo ranar farko ba zai iya ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. To ceton ma guminsa ne.

Ɗan_Bencin_Baya:
Yaya Sarkin_Gardama, na yarda jakar guminsa ce. Amma na'urar fa? Ya danna ya ga ba ta yi ƙara ba, ya ajiye ta a kunne ba da niyya ba. Wannan ai sa'a ce.

Sarkin_Gardama:
To dama wa aka taɓa cetowa ba tare da rabo ba? Kai naka ka yi, sauran ba a hannunka yake ba.

Baban_Sadik:
Ni ɓangare na biyu na tambayar ya fi taɓa ni. Ina adawa da tilasta wa yaro littafin labari, kuma daga abin da ya same ni nake magana. A makarantarmu an ba mu wani littafi, kowane babi da tambayoyi goma a bayansa. Wane launi ne rigar wane, ƙarfe nawa wance ta fita. Wanda ya kasa a tsayar da shi gaban aji. Na fita daga makarantar nan na tsani duk abin da ake kira labari, ban sake taɓa ɗaya ba sai da na haura shekara talatin, ina jinyar mahaifina a asibiti dare ya yi mini tsawo, na ari wani a wurin mai gadon kusa da mu. A daren nan na gane abin da aka raba ni da shi shekara goma sha biyar. Yaron nan ya ci sa'a ne littafin ya fi ƙarfin tilas ɗin. Yara nawa ne a ajin da tilas ɗin ta fi ƙarfin littafin?

Malama_Rabi:
Baban_Sadik, abin da aka yi muku ba koyar da adabi ba ne, kuma na ji zafin abin. Amma duba abin da malamarsa ta tilasta: ta tilasta masa ya zauna ya ji har labarin ya kai inda zai kama shi. Yaron da bai saba karatu ba bai san cewa yawancin littattafai sai an yi haƙuri da shafi talatin ko arba'in na farko ba. Zai ajiye a shafi na biyar ya ce ba daɗi, kuma a shafi na biyar gaskiyarsa ne. Wani ne zai riƙe masa hannu ya haye da shi. In na bar ɗalibaina arba'in su zaɓa da kansu, biyar za su karanta, su ne dama masu karatu a gida. Sauran talatin da biyar ɗin fa, in bar su?

Baban_Sadik:
Ki karanta musu da bakinki ki tsaya a inda ya yi daɗi, kamar yadda ƙararrawa ta yi wa wannan. Wannan jan hankali ne. Maki da tsayarwa gaban aji su ne ban yarda da su ba.

Bala_Makanike:
Ni tambayata daban ce. Ban karanta ba, amma daga bayanin da kuka yi, anya abin zai yiwu? Yaro ɗan birni mai shekara 13, kwana 54, ba abinci ba magani? Kada a riƙa cika wa yara kai da abin da hankali ba zai ɗauka ba.

Nas_Maryam:
Malam Bala zai yiwu, kuma abin da ya fi shi ma ya faru. Masu koyar da dabarun tsira suna da wani ƙiyasi na uku uku: minti uku ba numfashi, awa uku cikin matsanancin sanyi ko zafi ba mafaka, kwana uku ba ruwa, mako uku ba abinci. Ba doka ba ce, jiki ya bambanta, amma tana nuna abin da ke fara kashe mutum. Yunwa ce ta ƙarshe a layi. Yaron littafin a bakin tafki ya faɗo kuma lokacin zafi ne, to manyan biyun sun sauka daga wuyansa tun ranar farko. Abin da ni a matsayina na ma'aikaciyar jinya na fi ji masa tsoro shi ne gudawa daga ruwan da ba a tafasa ba, da rauni ya ruɓe.

A ranar 24 ga Disamba 1971 wani jirgin fasinja ya tarwatse a sama cikin hadari a ƙasar Feru. Mutum 92 ne a ciki, mutum ɗaya ta rayu, Juliane Koepcke, shekararta 17. Ta faɗo daga nisan kusan mita 3,000 tana ɗaure a kujerarta, ta karye a ƙashin wuya, mahaifiyarta na cikin waɗanda suka mutu. Kwana 11 ta yi a dajin Amazon. Iyayenta masu binciken dabbobi ne a dajin, kuma mahaifinta ya taɓa koya mata cewa in ka ɓata ka nemi ruwa mai gudu ka bi shi, ƙorama za ta kai ka kogi, kogi zai kai ka wurin mutane. Haka ta yi har ta iske bukkar masu aikin katako.

Abu_Fatima:
Ƙari a kan na Nas_Maryam, ga na kwanan nan. Ranar 1 ga Mayu 2023 ƙaramin jirgi ya faɗi a dajin Kolombiya, manya uku suka mutu har da uwar yaran, yara huɗu suka rayu. Babbar shekararta 13, daidai da yaron littafin, sai mai 9, sai mai 4, sai jaririyar wata 11. Ba a same su ba sai 9 ga Yuni, kwana 40. Sai dai akwai bambanci babba: yaran 'yan ƙabilar Huitoto ne, sun tashi sun san 'ya'yan itacen da ake ci da waɗanda ke kisa, kuma sun ɗebi garin rogo daga cikin jirgin ya riƙe su kwanakin farko. Ita ma ta Feru ilimin mahaifinta ne ya fitar da ita. Saboda haka ina ganin shakkar Malam Bala tana da gurbi. Waɗanda suka rayu da gaske, da saninsu suka shiga dajin. Na littafin a can ya koya.

Bala_Makanike:
Yawwa, abin da nake nufi ke nan. Amma na karɓi gyara, ban san da na yaran Kolombiya ba. Jaririya a hannun 'yar shekara 13 kwana arba'in, Allahu Akbar.

Malamin_Kimiyya:
Abin da ya sa nake son a ba yara irin wannan littafin shi ne kimiyyar da ke ciki ba ƙarya ba ce. Maganar wutar nan ita ce ƙyastu. In ƙarfe ya daki dutse mai tauri, dutsen yana kankare ɗan mitsitsin ƙarfe, zafin bugun ya sa ya kama da iska ya yi ja. Wannan shi ne tartsatsin. Rayuwarsa ba ta kai ƙiftawar ido ba, shi ya sa ciyawa da takarda ba sa kamawa, sai abu mai laushi kamar gashi. Yaron sai da ya ɓata sa'o'i yana yayyaga ɓawon wata bishiya mai kama da takarda har ya zama kamar sheƙar tsuntsu, kuma duk da haka bai kama ba sai da ya tuna wuta tana son iska ya hura a hankali. Na taɓa gwadawa da ɗalibaina a filin makaranta. Tartsatsi kam mun samu tun bugun farko, wuta kuwa sai da aka kusa tashi.

Haka maganar kifi. Ya yi ta harbi yana kuskure har ya gane cewa haske yana karyewa in ya fito daga ruwa, kifin yana ƙasa da inda ido ke ganinsa. Na sha zana wannan a allo yara suna hamma. Wanda ya karanta yaro mai jin yunwa yana kuskuren kifi ba ya mantawa.

Hajiya_Mai_Jikoki:
Ni kuma bari in faɗi abin da ba wanda ya taɓo. Jikata ta zo da wannan littafin gida, na sa ta fassara mini muna tafe. Akwai abu biyu da suka tsaya mini. Yaron yana ɗauke da sirrin cewa ya ga mahaifiyarsa da wani namiji, abin da ya kashe auren iyayensa ke nan, kuma ana ta dawowa kan maganar. Sannan lokacin da jirgin masu nema ya wuce bai gan shi ba, ya yanke ƙauna har ya nemi ya hallaka kansa. Shin wannan abin ba yara ne? Kuma duk tsawon labarin addini ba shi da wani gurbi. Mutum yana tsakiyar daji shi kaɗai, ni a sanina wurin da ake komawa ga Ubangiji ke nan.

Malama_Rabi:
Hajiya, damuwarki a kan hanya take, kuma abin da kika yi na zama da ita ku bi littafin tare shi ne maganin. Wurin yanke ƙaunar nan ba na barin ɗalibai su wuce shi su kaɗai, a aji muke karantawa mu tsaya mu yi magana. Littafin bai ƙawata abin ba, gari na wayewa yaron ya tsani abin da ya yi. A kowane aji kuma akwai yaron da iyayensa suka rabu yana haɗiye abin shi kaɗai. Na ga irinsu sun fi kowa yin shiru in an zo wurin.

Almajirin_Tarihi:
Hajiya, in labarin kaɗaici mai komawa ga Allah kike nema wa jikarki, akwai wanda ya girmi duk waɗannan. Ibn Ɗufail, malamin Andalus da ya rasu a 1185, ya rubuta Hayyu bin Yaƙzan: jariri a tsibirin da ba kowa, barewa ta shayar da shi. Da ta mutu ya buɗe ƙirjinta yana neman abin da ya fita ya bar ta ba motsi. Ya gano wuta, ya lura da dabbobi da taurari, da tunani kaɗai ya kai ga cewa lallai akwai Mahalicci ɗaya. An fassara shi zuwa Latin a 1671, fassarar Ingilishi daga Larabci ta fito a 1708. Shekara 11 bayan haka, a 1719, Daniel Defoe ya fitar da Robinson Crusoe, wanda Turawa ke ɗauka a matsayin kakan irin waɗannan labarai. Shi ma Crusoe a tsibirin ne ya koma karanta littafin addininsa yana tuba.

Zinariya_04:
Crusoe ai labarin gaskiya ne ko? Na ji an ce mutumin ya yi shekara 28 a tsibiri.

Almajirin_Tarihi:
A'a ƙanwata, shekara 28 ɗin na cikin littafi ne. Mutumin gaskiyar da ake dangantawa da shi Alexander Selkirk ne, matuƙin jirgin ruwa ɗan Sikotlan. A 1704 ya yi rigima da shugaban jirginsu yana cewa jirgin ya lalace zai nutse, aka sauke shi a wani tsibiri da ke yamma da Cile. Shekara huɗu da wata huɗu ya yi, sai 1709 wani jirgin Ingila ya ɗauke shi. Awaki ya riƙa kamawa da gudu, ya saba da kyanwoyi don su kore masa ɓeraye, yana rera waƙoƙin ibada don kada harshensa ya mutu. Jirgin da ya ƙi komawa kuwa daga baya ya nutse ɗin.

Kawu_Ɗanjuma:
Mu a zamaninmu Lord of the Flies na William Golding aka ba mu, na 1954, yaran makaranta a tsibiri suka koma farautar junansu. Na yi shekaru ina ɗauka haka ɗan Adam yake in ba hukuma. Sai daga baya na ji labarin samari shida 'yan makarantar kwana a Tonga da suka ɗauki kwalekwale a 1965, iska ta lalata shi, suka yi kwana takwas a teku kafin su faɗa wani tsibiri mai suna Ata da ba kowa. Wata 15 suka yi. Sun raba aiki bibbiyu, sun riƙe wuta ɗaya ba ta mutu ba fiye da shekara, ɗaya ya karye a ƙafa suka ɗaure masa ta warke. Safe da yamma waƙa da addu'a suke yi, Hajiya kin ji naki. Wani ɗan Ostireliya mai jirgin kamun kifi, Peter Warner, shi ya gan su a 1966, bayan an riga an yi musu zaman makoki a gida. Har yau ina jin ciwon cewa na ƙirƙira aka koya mana a aji, na gaskiyar kuwa ba wanda ya faɗa mana.

Ummu_Hanan:
Jama'a mun kai Tonga, yaro kuma yana jiran amsar aikin makarantarsa.

Ɗan_Bencin_Baya:
Na gode Umma, amma wallahi duk na karanta kuma na ƙaru. Hajiya, game da maganar mahaifiyarsa, ni ban ɗauke ta a matsayin koyar da ɓarna ba. Abin da na lura shi ne a farko ko motsi ya yi sai sirrin nan ya faɗo masa, amma da yunwa ta yi yunwa sai ya riƙa raguwa, har ya zama yana tunawa ba ya jin kamar zai mutu. Ni ma akwai abin da ke cina a gida da ba zan faɗa a nan ba, kuma wurin nan ya yi mini magana fiye da beguwa da wutar.

Yaya Sarkin_Gardama, na koma babin ƙarshe kamar yadda ka ce, sai na ga abin da na tsallake saboda sauri. A cikin jakar akwai bindiga da abin kunna wuta. Da ya riƙe bindigar sai ya ji ba ya son ta, kamar ta shiga tsakaninsa da dajin, ya ajiye. Wato marubucin da kansa ya san kayan nan suna rage wani abu. To in ya sani, me ya sa ya bar na'urar ta gama labarin bayan shafi kaɗan? Wannan zan rubuta. Na fasa cewa an ƙwace masa, zan ce an yi gaggawa.

Sarkin_Gardama:
Wannan hujjar ta fi ta farko ƙarfi nesa ba kusa ba. Har yanzu ina ganin gaggawar da gangan ce, don haka ceto yake zuwa, mutum na tsaka da dafa abinci. Amma rubuta naka.

Zinariya_04:
Ni fa kada a ɗauka kowa ne littafin nan ke kamawa. Mu ma an ba mu shi bara, na karanta har ƙarshe don dole, kuma har na rufe ban ji komai ba. Mutum ɗaya, ba mai yi masa magana, yau kifi gobe tsuntsu. Ni labarin da mutane ke magana da juna nake so, a yi saɓani a shirya. Malamarmu ta yi ta cewa wannan littafin kowane yaro yana son sa, sai na koma jin kamar ni ce mai matsala. Daga baya wata ƙawata ta ara mini wani na daban a kan 'yan uwa mata biyu, na cinye shi a kwana biyu. Don haka ina bayan Baban_Sadik rabi. A tilasta karatu in za a tilasta, amma a ajiye littafi uku ko huɗu mutum ya ɗauki ɗaya.

Malama_Rabi:
'Yata kin faɗi gaskiya, kuma kuskure ne malami ya ce kowa na son littafi kaza. Matsalar zaɓi ita ce ta aiki: in aji ya rabu huɗu ba za a iya karatu tare da ƙarfi ba, kuma karatun taren ne ya kamo ɗan uwanki. Abin da nake yi yanzu, zango ɗaya littafi ɗaya ga kowa, zango na gaba zaɓi. Bai gamsar da ni duka ba.

Ɗan_Bencin_Baya, akwai abin da ya kamata ka sani game da marubucin. Paulsen, wanda ya rasu a 2021, shi ma ba ɗalibin kirki ba ne a makaranta. Gidansu ba zaman lafiya, iyayensa mashaya ne, yakan gudu daji. Ya sha ba da labarin cewa wata rana sanyi ya kore shi ya shiga laburare don ya ji ɗumi, ma'aikaciyar wurin ta ba shi katin aro da littafi ɗaya. Ya daɗe kafin ya gama shi, ya dawo ta ba shi wani. Daga baya ya rubuta littattafai sama da 200. Gajerun jimlolin nan da maimaicin da suka ba ka haushi, ni ina ganin don mai karatu irinka ya yi su.

Baban_Sadik:
Malama kin lura kuwa? Miƙa masa littafin kawai ta yi, ba ta ce zai yi jarrabawa a kai ba.

Malama_Rabi:
Na lura. Amma shi sanyi ne ya tilasta masa shiga.

Baban_Sadik:
To ɗana, ni gwajina ɗaya ne. Yanzu ba maki, ba mai tayar da kai a aji. Za ka ɗauki na biyu?

Ɗan_Bencin_Baya:
Baba ban sani ba tukuna, kada in yi maka alkawarin da ba zan cika ba. Na tambaya a laburaren makaranta ko akwai na hunturun da Malama ta ambata, an ce babu, amma mai kula da wurin ta rubuta sunan ta ce za ta duba. Na miƙa aikin jiya, ya kai shafi uku maimakon biyu. Malamarmu ta karanta sakin layi na farko a tsaye, ta dube ni ta ce in shirya ranar Litinin zan kare ra'ayina a gaban aji, don akwai mutum biyu da suka rubuta akasin nawa. Tsoro nake ji, ban taɓa magana a gaban aji da son raina ba.

Yaya Sarkin_Gardama, in kai ne a cikin biyun nan, da wace tambaya za ka fara kayar da ni? Gara in ji ta a nan.

Sarkin_Gardama:
Zan tambaye ka: in jirgin bai zo a kwana na 54 ba, a wace rana kake so ya zo, kuma me yaron zai koya a tsakani wanda bai riga ya koya ba? Ka zo da amsa kafin Lahadi in sake jefo maka wata.